'Ya'yan Tsamiya Dubu Biyu da Uku

Ni ba mai karatu ba ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini. A allo na tsaya wajajen Li'ilafi, malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Bokon da nake wannan rubutu da shi kuwa na yaƙi da jahilci ne, duk wanda ya ga hannuna ya san wanda ya ci yaƙin. Amma akwai lamba ɗaya da na sani ciki da waje, ita ce dubu biyu da uku. Na ɗauke ta a kafaɗa, na yi yawo da ita a kan jaki.

Abin ya faru a shekarun da ake ta maganar mulkin kai, tun ba a tare ruwan Bagauda ba. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Ƙofa, a ƙasar Bebeji. Matata ta fari 'yar kawuna ce, wato taubashiyata, don haka aurenmu rabinsa tsokana ne. Ta ce ni bawanta ne, in ce ita ce baiwata. A gaban mutane tana kirana Malam, kuma duk garin sun san da gayya take yi.

Ta haihu a ƙarshen sanyi, aka sami mace. Aka yi suna, tana wankan jego safe da yamma, tana shan kunun kanwa kamar kowace mai jego. Kafin a yi arba'in ƙafafunta suka kumbura. In ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Kumburin ya hau har ciki, numfashi ya gajarce, kwanciya ta gagara, sai dai a jingina ta da bango a tokare ta da matashi. Inna, mahaifiyata, ita ke jinyar, ita ke riƙon jaririyar. Mun yi sassaƙe, mun yi turare, an sha rubutu. Kullum jiya ta fi yau.

Ana cikin haka wani baƙon malami matafiyi ya sauka a zauren limanmu, tsoho, siriri, ba ya kallon mutum a ido. Na je na durƙusa. Ya tambayi sunanta da na mahaifiyarta, ya yi ta zane a ƙasa yana sharewa, can ya ce, "Alfin da uku." Liman ya fassara mini, dubu biyu ke nan da guda uku. Ya ce in samo 'ya'yan tsamiya adadin nan, a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya a kan kowane, sannan a jiƙa su, ta sha ruwan ta shafa. Ya gindaya sharaɗi. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, jama'a za a raba wa. A raba daidai wa daida, kada wani ya fi wani ko da ƙwaya ɗaya. Kada a ƙara, kada a rage.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Washegari da sassafe ya ɗauki buzunsa ya yi kudu.

'Ya'yan tsamiya ba su yi wuya ba, kowane gida ana kunu. Ni da wanzamin garinmu muka ƙirga. Shi abokina ne tun muna yara, mutumin da bai taɓa ganina ya wuce bai ce wani abu ba. Muka yi ta tsibi goma-goma a kan tabarma, yana cewa tun da aka haife ni bai taɓa ganina da dubu biyu na komai ba, ban da ƙwarƙwata.

Bayan azahar muka zauna a masallaci, mu bakwai har da liman. Al'adarmu in za a yi irin wannan karatu, ba a buɗe baki sai an gama rabo, kowa da tsibinsa a gabansa. Aka raba, aka raba, sai ga ƙwaya ɗaya a tsakiyar tabarma ba ta da mai ita. Liman ya ce a kira mahauci. Muka zama takwas, aka tattara aka sake, uku suka yi saura. Aka aika gonaki aka kira mutane. Mu goma sha ɗaya, saura ɗaya. Mu goma sha biyu, zagayen ƙarshe ya zo kan mutum ɗaya babu abin ba shi. Mu goma sha uku, saura ɗaya. Goma sha huɗu, saura ɗaya. Kowane rabo yana cin lokacin da za a dafa tuwo a sauke. La'asar ta yi ta wuce, ba wanda ya karanta ko bisimilla.

Wanzami ya ɗauki ƙwayar da ta rage ya juya ta a hannu, ya ce, "Ka jefa wa kaza wannan mu yi karatunmu. Wa zai gaya wa malamin?"

Na ce kaza ba ta cin ɗan tsamiya. Ya ce to ni in haɗiye, tun da na saba haɗiye abin da ba nawa ba. Aka yi dariya, har da ni. Amma na fizge ƙwayar daga hannunsa. Da akuyata ce ba lafiya, wallahi da tuni na wurga ta bayan danga, ni da ban taɓa auna mudu ya cika ba. To amma wadda ke jingine da bango a gidana ba akuya ba ce. Ina ganin in na yar da ƙwaya ɗaya, ita ce mai ɗauke da numfashinta.

Liman ya ce wataƙila kuskuren ƙirga ne. Muka sake ƙirgawa, dubu biyu da uku cif. Muka ci gaba da gwadawa kullum bayan azahar, yau mu goma sha biyar, gobe mu ashirin da ɗoriya. Mutane suka fara zamewa, ga sharar gona ta taso. Wani dattijo ya ce a tara arba'in da ɗaya, adadi ne mai albarka. Da ƙyar da roƙo na tara su. Zagayen ƙarshe ya ƙare, mutum shida hannunsu a buɗe. Na zauna ina kallon tabarma, mutane suna tashi ɗaya-ɗaya suna ce mini Allah ya sawwaƙe.

A gida kuwa matata ta daina iya gama magana ba ta huta a tsakiya ba. Duk da haka da na shiga ta ce, "Malam, yau ma lissafin ya kayar da kai?"

Liman ne ya ba ni shawarar in je Bebeji wurin malamin elemantare, ya ce 'yan boko suna da hanyar rabo ba tare da sun taɓa abin ba. Na same shi an tashi yara, saurayi ne mai fara'a da farar riga. Bai yi mini dariya ba, ko da yake na ga bakinsa ya so. Ya ɗauki alli ya juya ga baƙin allo. Ya fara yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya, wai lambobi iri-iri ne. Akwai cika, masu rabuwa biyu, akwai mara, masu barin saura. Na ce wannan na sani, da shi muke caca da gyaɗa muna yara. Ya ce to a cikin mara ma akwai masu sauƙin kai, kamar tara da ke rabuwa uku, ko talatin da biyar da ke rabuwa biyar ko bakwai. Sannan akwai wani iri da ba ya rabuwa ko ta yaya, kamar bakwai ita kanta, ko goma sha uku. Ya faɗi sunansu da Turanci, kafin in kai ƙofa ya zube mini.

Ya yi ta gwada tawa, yana rubutawa yana gogewa da tsumma. Da ya kai arba'in da 'yan kai sai ya ajiye alli ya ce ta ƙi, tana cikin masu taurin kan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ka gwada hamsin ba. Ba ka gwada ɗari ba. Zan iya tara ɗari ranar Juma'a."

Ya ce in zauna. Ya ce a ce mutum ɗari sun raba ta daidai, nawa kowa zai samu? Wajen ashirin. To da haka ne, da mutum ashirin ma sun raba ta, kowa ya ɗauki ɗari, kuma mun riga mun ga ashirin ba ta yi ba. Duk babban taron da zai iya raba ta yana da ƙaramin taro abokinsa, ƙananan kuwa ya bi su kaf. Na fahimta, kuma ban taɓa baƙin cikin fahimtar abu kamar ranar ba. Ya nuna mini maƙwabtanta. Da dubu biyu da biyu ce, da mu bakwai ɗin farko mun gama tun ran nan. Da dubu biyu da huɗu ce, da mu goma sha biyu mun gama. Tawa tana tsakaninsu, ba ta jin maganar kowa.

Na tambaye shi ko babu hanya sam. Ya ce biyu ne kawai. Ko mutum ɗaya ya ɗauke duka, ko a sami mutum dubu biyu da uku kowa ya ɗauki ɗaya. Ta farkon baƙon malamin ya hana. Ya dube ni, ina jin ya ga abin da ke fuskata, ya miƙo hannu ya ce in ba shi tasa ƙwayar. Na ce ya yi haƙuri, ta farko akwai mai ita, zan dawo.

Na koma gida na gaya wa matata. Ta ce mutum dubu biyu, a ina zan gan su, ko zan haɗa da jakuna. Na ce kasuwanni. Ta miƙo hannu na sa mata ƙwaya ɗaya. Surar nan da yaro ke karantawa da numfashi ɗaya, sai da ta huta sau uku kafin ta kai ƙarshe. Ta jefa a gorar da na tanada. Sannan ta sa hannu a jakar 'ya'yan tsamiyar ta zaro wata ta danƙa mini.

"Wannan taka ce. Kada ka karanta sai ka dawo, a gabana. Ban yarda ka iya ba."

Na ƙulle ta a bakin zanen wuyana. Na ɗaura wa jaki jakar 'ya'yan tsamiya a gefe ɗaya, gora a ɗaya gefen. Mutum ya ɗauki ƙwaya daga jaka, ya karanta, ya jefa a gora, aikin ke nan.

Garinmu na fara bi, maza da samari da tsofaffin da ke bakin ƙofa. Sai Ƙofa, sai Bebeji. Malamin elemantare ya karanta tasa, ya jera mini yaransa suka karanta. Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci ina roƙon masu fitowa, ranar jakar ta ragu sosai har na fara lissafin komawa gida. Ban san sauƙin ya ƙare ba ke nan.

A kasuwa mutum ba ya tsayawa don Allah sai ka yi masa bayani, bayanin kuwa ya fi surar tsawo. Wasu suka ɗauka magani nake sayarwa. Wasu suka ce sabon mahaukaci ne ya zo, da tsamiya yake yi. Wani ya ce sammu nake tarawa, sai da aka kai ni gaban sarkin kasuwa na rantse, shi ma ya karanta tasa, ya ce a ƙyale ni. Masu kirki ma wahala ne. Sai mutum ya ji labarin ya tausaya, ya ce in ba shi goma ya karanta mini, ni kuma in ce a'a, ɗaya tak. Sai ya ji haushi, ya ce bai taɓa ganin mai roƙo mai iyayi irina ba. Wani ɗan tauri ya karɓi ƙwaya ya jefa a baki yana tsotsa ya yi gaba. Na bi shi har rumfar mahauta ina ba shi haƙuri, ni da ko wuƙar yankan farce ba ni da ita. Ya tofo mini ita a tafin hannu. Na wanke, na ba wani.

A Kiru na gano abin da ya karya mini gwiwa. Na miƙa wa wani mai gishiri ƙwaya, ya ce ai ya karanta mini a Bebeji. Mai kanwa ma haka, mai tukwane ma haka. Ashe 'yan kasuwa mutane ɗaya ne, su ke zagaya kasuwannin, yau nan gobe can. In mutum ya karanta sau biyu ya fi saura, sharaɗi ya karye. Daga nan na koma leƙa fuskar kowa kamar mai neman ɓarawonsa, ina tambaya ko mun taɓa haɗuwa. Wanda na yi shakka a kansa in bar shi ya wuce, ina ji ina gani.

Dole na nausa inda ba a san ni ba. Na yi kudu, ina kuma sa ran in riski baƙon malamin in ce ya sassauta, ya ƙara ɗaya ko ya rage ɗaya. A Tudun Wada aka ce an gan shi, ya wuce Doguwa, wasu suka ce ya shiga duwatsu. Bazara ta kankama, rana kamar a soya mutum. Jakin ya fara ɗingishi, na sauka ina jan sa. Ina tare mutane a bakin rijiya, a gindin kuka, a kan hanya. Na shiga rugage, Fulani suka ba ni nono suka karanta, tsofaffi da matasa da masu tallar fura. Wata tsohuwarsu ta riƙe ƙwayar ta yi ta addu'a da Fulatanci bayan surar, ban ji komai ba sai amin da nake cewa, hawaye na zuba a gemuna. Duk wanda na gani daga wajenmu sai in tambaye shi jikin nata. Wani ya ce da sauƙi. Wani ya ce bai sani ba. Na fi tsoron mai cewa da sauƙi.

Duk lokacin da na tsaya hutawa sai in zuba hannu a jaka in auna. Ta koma abin da zai cika tafi biyu. Sai na ce gobe, in Allah ya yarda, gobe. Goben ta zo in sami mutum goma, rabinsu sun riga sun karanta.

A Burumburum nake, da hantsi, ina roƙon wasu masu ɗaukar itace, na hango wanzami a kan keken aro, ya yi buɗu-buɗu. Ya sauka ya jingine keken. Na tsaya ina jira ya ce wani abu a kan gemuna, ko jakin, ko rigata da ta koma kalar ƙasa. Bai tsokane ni ba. Ya durƙusa a gabana ya kama hannuna. Mutumin da bai taɓa gaishe ni ba tun muna yara ya ce mini, "Sai haƙuri."

Na ce masa saura kaɗan fa. Na buɗe jakar na nuna masa. Ya ce ya gani.

Ko da muka isa an riga an kai ta. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na zauna karɓar gaisuwa, jakar da gorar suna gefena don ban san inda zan ajiye su ba. Liman ya ce tun da an fara a ƙarasa, ladan ya isar mata. Sai ya zama duk wanda ya zo ya ce ya haƙuri, in ce da godiya, sannan in tambaye shi ko ya taɓa karɓa. Kusan kowa ya karɓa. Har azahar ban rage ko biyar ba.

Na shiga cikin gida in sha ruwa, jakar a hannuna. Gidan cike da mata, tsakar gida, ɗakuna, har bakin murhu, na garinmu da na Ƙofa da dangi daga Bebeji. Inna tana zaune da jaririyar a cinya. Ta tambaye ni mene ne nake ta yawo da shi. Ita abin da ta sani kawai maza suna karatu a masallaci, ni kuma na tafi neman malami. Ba wanda ya zauna ya yi mata bayani, don a wurinmu irin wannan karatu sha'anin maza ne, a masallaci ake yi ko a zaure. Na gaya mata duka, da sharaɗin, da malamin elemantare, da kasuwanni.

Ta ci gaba da jijjiga yarinyar. Sannan ta ce, "Mu da ke cikin gidaje, ba mu iya Ƙulhuwallahu ba ne?"

 Ni ban tuna ba, liman bai tuna ba, wanzami bai tuna ba, har malamin da ya san irin lambobi bai tuna ba. Mutanen da ido ke gani a waje muka ƙirga. Kowace katangar da na wuce da jakina a garinmu da Ƙofa da Bebeji, akwai mata a bayanta, biyu, uku, biyar, suna daka. Da na ba Inna jakar da gorar ta aika gida-gida, da ban ga ko Kiru ba.

Ta karɓi jakar ta karanta tata, ta miƙa wa ta kusa da ita. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar ƙwaya tana faɗawa gora, ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kira la'asar jakar ta dawo mini a ninke, kuma akwai matan da bai kai kansu ba.

Ban ce da an gama da wuri da ta tashi ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare, wannan ko ni na sani. Abin da na sani kuma shi ne da ina gida lokacin da ta cika.

Liman ya tambaye ni ko adadi ya cika, na ce saura tawa. Ya ce to in karanta mana. Na ce zan karanta. Ya sake tambayata ranar sadakar bakwai, ya sake ranar arba'in, daga nan ya bari. Abin da ke gorar dubu biyu da biyu ne, lamba mai sauƙin kai, ta rabu bakwai, ta rabu goma sha ɗaya. Inna ta binne su a bayan ɗaki.

Yarinyar ta rayu, yanzu ita ma da jikokinta. Na sake aure, na yi 'ya'ya, duk gidan sun san akwai ɗan tsamiya a cikin wani tsohon gwangwanin ashana da ba a taɓawa. Wani jikana da ya yi karatu mai zurfi ya ce mini irin lambobin nan ba su da iyaka, akwai waɗanda tsawonsu zai cika littafi, kuma wai akwai mutanen da aikinsu ke nan, neman su. Na ce Allah ya ba su sa'a, ni dai ɗaya ta ishe ni.

Surar kuwa na iya ta, a sallah kullum ita nake ja, don ba ni da wasu da yawa. A kan ƙwayar ce dai ban karanta ba. Ta ce a gabanta.